Hannun Rigar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta tsakiyar daminar bara ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta. Ranar ce na fara shiga sinima ta gaske a rayuwata. Ranar ce na ga abin da ya fi komai burge ni a allo, kuma ranar ce na tafka abin kunyar da har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne a lokacin, don ku san daga wane tsayi na faɗo. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ina zaune a unguwar Daɗin Kowa a nan Jos da matata Rabi. Amma a Anguwan Rogo aka haife ni, can kuma majalisarmu take, a kan wani dogon benci a ƙofar shagon abokina tela. A wannan majalisa ni ne alƙalin fina-finai. Ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina, sauran kuma suka gaji da musu suka bar ni. Duk fim ɗin da ya fito, na Hausa ne ko na kudu ko na ƙasashen waje, sai an jira hukuncina. (Ko dai ni nake ganin jira ake yi. Yanzu da na yi tunani, mai yiwuwa shiru kawai suke yi don in gama da wuri.)

A shekarar nan kuwa na yanke hukunci da yawa. Akwai wani fim ɗin barkwanci da aka yi wa kashi na biyu, aka canza jarumin da wani wanda ya fi shi tsawo da haske, aka ci gaba da labari kamar ba mu da idanu. Na daɗe ina caccakarsa. Akwai wani na Turawa da ban ma san kashi na nawa aka kai ba, inda motoci suka daina tafiya a ƙasa suka koma tashi sama, wanda ya mutu a na baya kuma ya dawo da ƙoshin lafiyarsa ba tare da bayani ba. Sai wani littafin soyayya da 'yan mata suka yi ta rububinsa, aka mai da shi fim. Yarinyar da marubuciya ta ce 'yar manomi ce mai yini a gona, sai ga ta da dogayen farata da gashin ido kamar tsintsiya. Daga irin waɗannan na fitar da dokoki biyu da nake maimaitawa kamar hadda: littafi kullum ya fi fim ɗinsa, kashi na biyu kuma kullum ɗumame ne.

Abin da ban taɓa faɗa a majalisa ba shi ne, duk waɗannan fina-finai a wayata nake kallonsu, wayar da gilashinta ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa. Yawanci ina cin abinci ne ko ina kwance, in wuri ya yi mini tsawo in ja gaba da yatsa. Gidan kallon da na sani shi ne na ƙuruciya, rumfar kwano da talabijin a kan tebur da ƙarar janareta. Da wannan ilimi nake yi wa daraktoci gyara.

Surukina, mahaifin Rabi, dattijo ne da ke zaune a Laranto, dukkanmu Baba muke ce masa. Tsohon dillalin shanu ne, dogo, mai farin gemu, ba ya son yawan magana. Mahaifinsa ya zo Jos tun zamanin haƙar kuza, ya yi leburanci a ramuka har ƙarfinsa ya ƙare. Tun da na auri Rabi, maganata da Baba ba ta taɓa wuce gaisuwa ba. In durƙusa daga bakin ƙofa, ya ce, "Malam, ya gida?" in ce lafiya, ya ce madalla, shi ke nan. Bai taɓa yi mini faɗa ba, bai kuma taɓa yi mini dariya ba, ni kuwa da faɗan ya yi da na fi samun natsuwa. Ina jin nauyinsa ƙwarai. Ko a waya ya kira ni, miƙewa tsaye nake yi.

A lokacin akwai wata damuwa a gidan. Yanar ido ta rufe wa Baba ido ɗaya, tana neman kama ɗayan. Likita ya ce ƙaramin aiki ne, Baba ya ce ba mai kai masa wuƙa ido. 'Ya'yansa sun yi roƙo, sun yi kuka, sun turo abokansa, kowa ya zo sai ya ce ya ji, ya gode. Rabi kan dawo daga Laranto ido jajir. Ni suruki ne, ba ni da baki a maganar, sai dai in yi ta gunaguni a ɗakina.

To, sai ga wani fim da aka yi daga wani littafi kan masu haƙar kuza. Na karanta littafin tun ina makaranta, na kuma kalli kashi na farko a waya na ba shi maki kaɗan. Lokacin da za a ɗauki kashi na biyu, masu fim ɗin sun zo wurin Baba har gida, suka yi ta yi masa tambayoyi kan yadda ake aiki a da, har suka ari wani tsohon kwanon wanke kuza na mahaifinsa da ke ajiye a ɗaki. Da fim ya kammala za a fara haska shi a nan Jos, suka aiko masa da gayyata, shi da iyalinsa. Duk mun ɗauka ba zai ko kalle ta ba, don mutum ne da ko talabijin labarai kawai yake saurara. Sai ya ce zai je ya ga abin da suka yi da kwanon ubansa. Tun da ni ne mai mota, ni aka ce in kai shi, tare da Rabi da ƙanwarta Ummi, wadda take jami'a kuma ba ta da aiki a duniya sai tsokanata.

Muka yi La'asar muka kama hanya. Baba na gaba kusa da ni, cikin babbar riga ta shadda shuɗiya mai haske, ta sha bugu. Ban san abin da ya shiga kaina ba, sai na ga dama ta samu in nuna masa cewa 'yarsa ba jahili ta aura ba. Na dubi madubi kamar da su Rabi nake magana, na buɗe lacca. Na ce kada su sa rai da yawa, kashi na biyu ne. Na ce 'yan fim ɗinmu ba su iya ɗaukar littafi ba, sai su zubar da naman su kawo mana romo. Na ba su labarin gaba ɗaya: saurayin da ya zo neman arziki a kashi na farko yanzu ya tsufa, kamfani ya tafi, shi kuma ya ƙi barin rami, 'yarsa na ta roƙonsa ya daina shiga da damina. Na ce akwai wurin da ramin zai rufta da shi, amma kada hankalinsu ya tashi, za a ciro shi da rai, haka yake a littafi.

"To Yaya, tunda ka gama mana fim ɗin, mu juya gida mana," in ji Ummi.

Baba dai carbinsa kawai yake ja.

Ina shiga zauren sinimar na tsaya turus. Kujeru jere-jere suna hawa sama kamar matakala, sanyi na ratsa riga, ƙafa na nutsewa a cikin kafet. Allon kuwa ya cinye bango guda, ya fi gaban gidan da nake haya faɗi. Na yi ta maza, na ce wa Rabi ai ba wani girma ne da shi ba. Wurin ya cika da 'yan fim masu manyan tabarau, da matasa, da tsofaffi irin Baba da aka gayyato, Musulmi da Kirista, wasu da sandunansu. Na tsara zamanmu da dabara: ni a ƙarshen layi jikin bango, sai Rabi, sai Ummi, sai Baba can nesa da ni, don ban ga yadda zan zauna kafaɗa da kafaɗa da surukina a cikin duhu ba.

Aka kashe fitilu.

Abin da ya fara fitowa duwatsu ne. Duwatsun nan namu da nake wucewa kullum a hanyar ofis ban taɓa ɗaga kai na kalle su ba, manya a ɗore kan ƙanana kamar wani ne ya jera su da hannu. An ɗauko su daga sama da sassafe, gajimare na kwance a tsakaninsu, rana na ɓullowa ta baya. Sai hoton ya yi ta tafiya a hankali a kan ciyawa kore shar, ya bi ta kan tsofaffin kududdufan haƙa, ruwansu a kwance shiru, ga jajayen tuddan ƙasar da aka tono a gefe. Ya sauko kan wani garken shanu, har ina ganin tururin da ke fita daga hancinsu. Tsigar jikina ta tashi. A garin nan aka haife ni, amma wallahi ban san haka yake da kyau ba. Na zauna baki buɗe kamar baƙon da aka sauke yanzu a tasha.

Ga kuma sauti. Da aka fara ruwa a fim, sai na ji shi a bayana da samana, har na ɗaga kai in ga ko rufin ne ke yoyo. Da aka yi tsawa, kujerata ta yi rawa, na ji ta a cikin ƙirjina. Sai fuskar tsohon mai haƙar ta cika allon, fuska guda kamar bangon ɗaki. A waya ban taɓa sanin ɗan wasan nan ya iya komai ba. A nan kuwa ina ganin kowane layin tsufa a goshinsa, da jar ƙasar da ta maƙale a gemunsa, da yadda leɓensa ke ɗan rawa kafin ya yi magana. Akwai inda bai ce uffan ba, ya dubi rami ya dubi sama, nan take na fahimci abin da marubucin ya ɗauki shafuka yana bayani. Mata na tsaye cikin ruwa zuwa gwiwa suna juya kwanuka, baƙar kuza na taruwa a ƙasa tana ƙyalli. Kuma da irin Hausarmu ta Jos suke magana, wadda ake ji a kasuwa, wannan ta ce oga ya zo, waccan ta kira 'yarta da "shi", ba wanda ya goge musu harshe ya mai da su Kanawa. Na ji mutane a zauren suna dariyar jin daɗi, irin ta wanda ya ci karo da ɗan'uwansa a inda bai zata ba. Tun a nan na manta da majalisa, na manta da laccar da na yi a mota, na manta da waɗanda na zo da su.

A daidai wannan lokaci ne, kamar yadda aka ba ni labari daga baya, wata hajiya ta shigo a makare ta zauna a gaban Baba da wani ɗaurin ɗankwali mai hawa-hawa. Baba da ido ɗaya yake gani, shi ma ba sosai ba, sai ga shi yana ta leƙe ta gefe. Rabi ta lura, ta raɗa wa Ummi, suka tashi a sunkuye suka matsa, suka dawo da Baba kujerar Rabi inda ba abin da ya tare. Wato kusa da ni. Rabi ta rantse ta taɓa ni ta gaya mini, har na ce mata "to". Ni dai ban san an yi ba.

Fim na tafiya. 'Yar tsohon ta durƙusa a gabansa tana roƙonsa kada ya shiga rami, ƙasa ta sha ruwa. Ya ce shi da rami sun san juna tun kafin a haife ta. Abokansa suka zo suka yi nasu, ya ce ya ji, ya gode, ya ɗauki fitilarsa da igiya. Abin ya taɓa ni inda ban zata ba. Ban ɗauke ido daga allo ba, na karkata gefe, na kai bakina kusa da kunnen da nake zaton na matata ne, na raɗa:

"Kin ga tsohon nan? Wallahi Baba ne sak. Taurin kan iri ɗaya. Haka zai yi ta cewa ya ji ya gode har idon ya tafi gaba ɗaya, ya bar ku da kuka."

Ba a amsa ba. Na ɗauka Rabi ta ji haushi ne, sai na ƙara don in gyara (ku ji gyara): "Ba wai ba na son sa ba ne fa. Ina son Baba har raina. Tsoronsa kawai nake ji, fuska kullum a ɗaure kamar an ce shanunsa sun ɓata."

Sai tsohon ya sauka rami. Allon ya yi baƙi ƙirin, ba abin da ake gani sai 'yar fitilarsa, ba abin da ake ji sai numfashinsa da ɗigar ruwa. Zauren ya yi tsit, ko tari babu. Ƙasa ta fara zubowa kaɗan-kaɗan a kan kafaɗarsa, ya ɗaga fitila ya duba sama. Sai wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, kamar dutse ya faɗo a kan ginin da muke ciki, fitilar ta mutu. Ban san lokacin da na cafki hannun da ke kusa da ni ba. Na riƙe shi gam da hannuwana biyu.

Na yi ta faɗa wa kaina za a ciro shi, ai na karanta. Mutanen ƙauye suka taru suna tono da shebur da kwanuka da hannu, cikin ruwan sama, masu salla da masu zuwa coci, 'yarsa na tono har faratanta suka fashe. Na ce yanzu za a ji tarinsa daga ƙasa, haka yake a littafi. Aka yi ta tono. Haske ya fara raguwa. Sai wani ya ciro hular tsohon, ya miƙa wa 'yar. Ba ta yi ihu ba. Ta karɓa, ta kakkaɓe ƙasar da ke jiki, ta zauna a bakin ramin ta ɗora ta a cinya. Hoton ya fara ja da baya yana yin sama, mutanen suna ƙanƙancewa, har suka zama ɗigo-ɗigo a tsakiyar kyawawan duwatsun nan da ba ruwansu da abin da ya faru.

Sun canza ƙarshen. Kuma Allah ya gani, nasu ya fi na littafin kama da duniya.

Ni da ban yi kuka a bainar jama'a ba tun ina firamare, sai ga ni ina shessheƙa. Ba hawayen maza mai ɗigo ɗaya ba, kuka sosai, har da majina. Na laluba aljihu, babu hankici. Na ji yadi mai yalwa a gefena, na ce mayafin Rabi ne, na jawo na share ido, na share hanci, na kifa goshina a kafaɗar na ci gaba. Har ina cewa, "Rabi, sun kashe shi. Ba haka yake a littafi ba, sun kashe shi."

(Na san abin da za ku tambaya. E, hannun yana da kaushi, yana kuma da girma. E, yadin yana da tauri, kuma ƙamshin turaren maza yake yi. Har carbi na ji a tsakanin yatsun. Duk na ji waɗannan, amma hankalina yana can bakin rami, ba wanda ya rage a gida da zai haɗa su wuri ɗaya.)

Hannun bai janye ba. Can ma sai na ji ɗaya hannun yana ɗan bubbuga bayan nawa a hankali, yadda ake lallashin mai kuka.

Aka kunna fitilu, zauren ya ɗauki tafi. Ni ban ɗago ba, ina so in gama saita fuskata tukuna. Sai na ji mai gabatarwa a lasifika yana cewa akwai wani dattijo daga Laranto da ya ba su labarai da kayan aikin mahaifinsa, wanda ba don shi ba da fim ɗin bai yi kama da gaskiya ba, yana roƙon ya miƙe jama'a su gan shi. Na ji kujeru na motsi, mutane na juyowa. Na ji kafaɗar da na jingina a kai tana neman tashi. Na ce a raina, to me zai sa Rabi ta miƙe?

Na ɗago. Abin da na fara gani farin gemu ne.

Ban san ko kun taɓa jin jininku ya tsaya cak ba. Na dubi gemun, na dubi hular, na dubi hannuna da ke riƙe da nasa har yanzu. Na leƙa ta gefensa: ga Rabi can ta rufe fuska da mayafinta, mayafin da yake a bushe ƙayau. Ummi kuma ta cusa gefen hijabi a baki, kafaɗunta na rawa, hawaye na zubo mata, amma ba na fim ba. Zaure guda ya juyo yana kallonmu, har da masu ɗaukar hoto.

Baba ya dube ni da idonsa mai gani, ya ce a hankali, "Malam, in ka gama da hannun, ana kirana."

Na saki kamar na taɓa wuta. Ya miƙe, ya ɗaga hannu yana amsa gaisuwar jama'a, kuma hannun da ya ɗaga shi ne wanda na yi wa aiki. Daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu shaddar ta jiƙe ta yi duhu, ga wani wuri yana ƙyalli da ba sai na faɗi ko mene ne ba. Wata tsohuwa a layin gabanmu ta dube ni da tausayi ta ce, "Sannu, ɗana. Babanka ne? Allah ya bar ku tare." Na ce amin. Sai a lokacin maganganun da na raɗa suka fara dawo mini ɗaya bayan ɗaya, taurin kai, da ido, da ɓatan shanu. Na duba ƙarƙashin kujera da gaske, in ga ko mutum zai iya shiga.

Hanyar komawa ita ce mafi tsawo da na taɓa tuƙawa. Ummi kan yi wani ɗan sauti a baya kamar iska na fita daga taya, Rabi ta zungure ta. Na kunna abin share gilashi alhali ba ruwan da ake yi. Na wuce kwanar gidan Baba, hanyar da na sani kamar tafin hannuna, sai da Baba ya nuna da carbi na juyo. A raina ina ta hango yadda za a yi: zai kira yayyen Rabi, a ce na zagi ubansu a kunnensa, wataƙila ma a ce Rabi ta zauna gida tukuna sai an yi magana. Na fara haɗa kalmomin ban haƙuri, kowace na ɗauko sai in ga ta yi kaɗan.

Muka isa ana kiran Magariba. Muka yi salla a masallacin ƙofar gidansa, shi a sahun gaba da rigarsa yadda take, ni a can baya. Da aka idar na so in sulale, ya yafito ni. Ya zauna a kan dakalinsa, na durƙusa nesa kamar kullum, na fara, "Baba, don Allah a yi haƙuri, wallahi na ɗauka..."

Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Sannan ya ce yana da wa, wanda yake bi, da ko su Rabi ba su san labarinsa sosai ba. Bayan kamfani ya rage ma'aikata, wan nasa ya shiga haƙa da kansa, da damina irin wannan. Mahaifiyarsu ta hana shi, ya ce ya ji, ya gode. Ramin ya rufta. Baba yana ƙarami a lokacin, yana tsaye a baki tare da mutane, aka yi ta tono, ba a ciro shi da rai ba. Ya ce shi ya ba masu fim labarin. Sun tambaye shi ko su sa a ciki, tunda ba haka yake a littafi ba, ya ce su sa, don ba kowa ake cirowa ba.

"Ban zaci zan iya kallo ba," in ji shi. "Da ƙasar ta zubo na so in tashi in fita. Sai ka riƙe ni."

Na sunkuyar da kai, ina jin wani sabon kukan na tasowa, na danne shi da ƙarfi, don na ga rigar ta sha isasshe.

Ya gyara zama, muryarsa ta koma yadda na san ta. Ya ce maganar shanu kuwa, shi nasa ba su taɓa ɓata ba, haka Allah ya yi fuskarsa. Sannan ya ce tunda na iya faɗa wa mutum gaskiya a cikin duhu, in zo ranar Litinin da safe in kai shi wurin likitan nan, ya ga ko da rana ma ina da baki. Wani abu ya motsa a cikin gemunsa. Ina kyautata zaton murmushi ne, amma ba zan rantse ba.

Na kai shi, an yi aikin, ido ya buɗe. Amma kafin Litinin ɗin, Ummi ta riga ta yi nata aikin. Labarin ya zaga dangi, ya tsallaka har Anguwan Rogo. Ina zuwa majalisa abokina tela ya miƙo mini wani ƙyalle, ya ce in riƙe saboda gaba. Yanzu in na buɗe baki zan kushe fim, sai wani ya tambaye ni cikin ladabi ko a waya na kalla ko a kafaɗar suruki. Rigar kuwa Rabi ce ta karɓo ta wanke da kanta, ta ce ba za ta bari mai wanki ya yi tambaya ba.

Na koma na sake kallon fim ɗin ni kaɗai, don in tabbatar ko ruɗin rana ta farko ne. Na san duk abin da zai faru, na shirya masa, kuma da aka miƙa wa yarinyar hular nan na sake yin kuka kamar ban taɓa gani ba. Wani bawan Allah da ke kusa da ni ya tattara rigarsa ya matsa kujera ta gaba, ina ganin ya ji labarina.

Abin da na koya ba wani mai zurfi ba ne, amma ina ba kowane magidanci shi kyauta. In za ka shiga sinima, ka tafi da hankicinka. In kuma gulmar suruki ta taso maka a cikin duhu, ka fara shafa haɓar wanda za ka raɗa wa. In ka ji gemu, ka yi salati ka koma kallonka.